Allon shago da takardar kwalba: wane rubutu zan ɗauka?

Mai Man Gyaɗa: Salamu alaikum. Zan buɗe shagon man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Zariya, nan Maraɗi, bayan Salla. Yaron da ke mini zane a kwamfuta ya kawo samfuri biyu, haruffa masu kauri masu ƙafa irin na da: Cooper Black da Abril Fatface. Rubutu guda nake so a allon ƙofa da takardar jikin kwalba. Sunan shagon akwai ɗ da ƙ. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Bagalam: Hajiya, a sa ja da rawaya, daga nesa ake hango su.

Malamin Zane: Launi aka tambaye ka? Hajiya, Cooper Black ta fi. Oswald Cooper ya zana ta a Amurka, ta fito 1922, ƙafafunta a dunƙule suke, ko'ina kauri. Abril kuwa tana da layuka sirara tsakanin masu kauri. Daga kan babur ba a ganin siraran, a kwalba kuma tawada na cinye su. Amma suna kaɗai za a rubuta da ita. Lambar waya da farashi a sa rubutu marar ado.

Tela Sabon Gari: Ni kam kar a yi mini maganar masu buga allo. Bara na kai aiki wani wuri kusa da babbar kasuwa, na ba da rabin kuɗi. Sunan shagona akwai “ɗinki”. Da aka ɗaga allon, sai ga ɗ ɗin siririya, ta fita daban cikin ƴan uwanta masu ƙiba. Wai samfurin ba shi da harafin, inji ya aro na wani. Na ce a sake, ya ce ai na gani a waya na yarda. Jika 25 na CFA suka tafi. Har yau allon na bayan ƙofa, yara na cin tuwo a kai.

Ɗan Bagalam: To ai bai yi asara ba, baba, ya zama faranti.

Mai Man Gyaɗa: Jika 25? Ni 12 aka ce mini.

Tela Sabon Gari: Leda ce za su ba ki, zafin Afrilu ɗaya ta koɗe.

Ɗan Katsina Road: A Katsina na buga nawa, ko jika 8 bai kai ba.

Malamin Zane: Haɗa da kuɗin mota da tsaye-tsayen Ɗan Isa, wajen iyakar Nijar da Najeriya. Hajiya, Cooper Black da ke zuwa da manhajar Microsoft Office ba ta da ƙ da ɗ. Ko yaron ya zana lanƙwasar da hannu a manhajar zane ta CorelDRAW, ya mai da rubutun zane kafin a kai bugu, ko ya duba Noto Serif mafi kauri, ita tana da su.

Baba Mai Fenti: Ƴaƴan kwamfuta! Tun ba a haife ku ba nake rubuta allo da buroshi, ƙ ba ta taɓa gagara ta ba.

Malamin Zane: Baba, kwalba 500 za ka bi da buroshi?

Tela Sabon Gari: Ko ta zaɓa, yaushe za a buga? Kullum ka je sai a ce babu wuta, a dawo gobe. Ni da keken ɗinki na lantarki, ɗinkin Salla na nan jibge.

Ɗan Bagalam: Mu tun la'asar aka ɗauke. Ku can Zariya an kawo?