Albasa ta kusa raba ni da babban yatsana, a taimaka

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Tun a gida a hannu na saba yanka komai, albasa a tafin hagu wuƙa a dama, haka na taso na ga Umma tana yi. Jiya ina sauri zan ɗora miyar taushe kafin maigida ya dawo, wuƙar ta sulɓe ta sauka kan babban yatsana, wallahi jini har kan alayyahun da na wanke. Ina da katakon yanka cikin kayan kicin amma in na gwada sai albasar ta dinga mirginawa. Ya kuke yi ne?

Uwargida Zariya:
Wa'alaikumussalam, sannu ƙanwata Allah ya kiyaye gaba. Ki fara duba wuƙar, na tabbata ta dakushe, dakusasshiyar wuƙa ita ta fi yanka mutum saboda sai kin danna da ƙarfi ita kuma ta zame. Albasa kuma ba a ɗora ta a dunƙule. Ki cire kanta, ki bar gindin mai saiwa, ki raba ta biyu daga sama zuwa ƙasa, ki ɓare, ki kife kowane ɓari a katako kinga ta zauna daram. Sai ki tsattsaga ta a tsaye amma kar ki kai gindin, shi ke riƙe ta kar ta watse, sannan ki yanka a gicciye, ƙanana za su dinga zubowa da kansu. Hannun hagu ki lanƙwashe yatsun, farce a ciki, babban yatsa ya ɓuya a baya, gefen wuƙar ya jingina da gaɓoɓin yatsunki. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin katakon kar ya yi ta yawo.

Ɗan Mahauta:
Uwargida ta gama magana. Nama kuma ki kalli zaren jikinsa ki yanka a gicciye, in kika bi tsawon zaren sai an sha tauna. In yana santsi ki sa shi a firiza kamar minti 20 ya ɗan yi ƙarfi. Kuma dan Allah a daina yanka kan faranti ko tire na ƙarfe, shi ke cinye kaifin wuƙa. In babu dutsen wasawa ki kifa kofin tangaran ki wasa a zoben gindinsa. Katakon ɗanyen nama daban, na kabeji da latas daban.

Hajiya Mai Waina:
Ni dai kuɓewa har gobe a hannu nake yankata, shekara 30 kenan, sai dai ina bari ta tsane sosai bayan wanki don yauƙin ne ke sa wuƙa zamewa. Amma kabewa da doya kam 'yata kar ki kuskura, a ƙasa kan katako, kuma ki fere kina tura wuƙar gaba ba wajen jikinki ba.

Amaryar Bana:
Na gode sosai iyayena, Allah ya saka da alheri. Hawayen albasa fa?

Uwargida Zariya:
Ki sa ta a firij rabin awa kafin ki yanka, kuma wuƙa mai kaifi ba ta murƙushe ta balle yajin ya tashi da yawa. Yatsan nan dai ki rufe shi da filasta kafin ki taɓa attaruhu.