Neman kalma: me za mu kira kiɗan da yaron Argungu yake haɗawa a kwamfuta?

'Yar Kabi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina da shiri a rediyo ranar Asabar da ƙarfe 9 na dare, kuma dole in miƙa rubutun gabatarwa gobe Alhamis kafin la'asar. Baƙona wani matashi ne ɗan Argungu da ke haɗa kiɗa shi kaɗai a ɗakinsa. Ba mawaƙi, ba 'yan amshi, ba kamfanin da ya ɗauke shi. Na je na gani da idona: kwamfuta a kan tabarma, ɗan fiyano da bai wuce taƙi biyu ba, da lasifikar kunne da aka ɗaure da salatif. Ya kunna mini wani kiɗa na minti 7. Farkonsa ƙarar goran masunta ce a kan ruwa, ya ce a kogin Matan Fada ya naɗa da wayarsa. Sai luguden mata masu surfen shinkafa ya shigo, ya rage masa sauri har ya yi nauyi kamar tambari. Can sai ga wani amo siriri mai tsawo, ba sarewa ba, ba goge ba, ya ce na'urar ce da kanta ta fitar da shi. Gurmi ya leƙo sau biyu ya koma. Wallahi har ya ƙare ban motsa ba.

A shafinsa ya siffanta aikin da kalmomin Turanci biyar: "independent", "electronic", "experimental", "genre-blending", "instrumental". Ba na so in karanta su haka ga masu saurarona na Bunza da Kalgo da Dakingari. Ku taimaka mini.

Ɗan Sutudiyo, Gusau:
Wa alaikumus salam Anti. Ta ƙarshen ai mun daɗe da gama ta. Gwauron kiɗa muke cewa. Mawaƙi zai zo ya ce a tura masa gwauron kiɗa a waya, ya je gida ya ɗora waƙa, ya dawo a naɗa. Ta farko kuma mai cin gashin kansa.

Mai Fassara, Kano:
Mai zaman kansa ya fi dacewa. Cin gashin kai ya riga ya karkata ga siyasa, kunne zai tafi wajen ƙananan hukumomi. Ta biyu kuwa laturoni ce, haka ake faɗa a labarai. Kada ki ce lantarki. Fanka da dutsen guga kayan lantarki ne, waya da kwamfuta kayan laturoni ne. Ta uku, na gwaji.

'Yar Kabi, Birnin Kebbi:
Na karɓi mai zaman kansa, na gode Malam. Gwaji ne ban natsu da shi ba. In na ce kiɗan gwaji, mai saurare zai ɗauka yaron bai iya ba tukuna, ana gwada shi ne. Alhali shekara 6 ke nan yana wannan aiki.

Ɗalibar Hausa, Talatar Mafara:
Yaya, gaskiyarki. Ta huɗu kuma don Allah kada kowa ya kawo haɗin gambiza ko barbarar yanyawa, duk zagi ne. Gauraye ko ruwa biyu fa?

Tsohon Malami, Gwandu:
'Ya'yana, kun yi sauri. Shekara 32 na yi ina koyar da Hausa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a ɗauko kalmar Bature a murɗe mata wuya a ce an fassara. Mece ce laturoni? Je ki kasuwar Jega ki ce wa mai sayar da albasa laturoni, ki ga ko zai ɗago kai. Kuma kun raba abin gida biyar saboda Bature ya raba shi gida biyar. Mu ba dole ne mu bi sawunsa ba. Ki sake karanta abin da kika rubuta da kanki, 'yata: ƙarar gora daga nan, lugude daga can, gurmi ya shiga ya fita. Wannan aikin masaƙi ne. Yana da zaren tsaye, yana da na kwance, yana jefa ƙoshiya. Sunansa saƙar amo. Kalma biyu, duka namu, kuma sun haɗiye uku daga cikin biyar ɗin. Amo ba waƙa ba ne, to an fitar da mawaƙi. Saƙa ba ta yiwuwa da zare ɗaya, to an kawo gaurayen. Masaƙi kuma kullum yana neman sabon zubi.

Ɗan Sutudiyo, Gusau:
Baba, sunan yana da daɗi a baki. Amma ina na'urar take a cikinsa? Mai kalangu da mai goge in suka haɗu su ma saƙar amo suke yi. Abin da ya raba yaron nan da su shi ne akwai sautin da ba fata ba tsirkiya a bayansa. Na'urar tana kaɗa wutar lantarki ne sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, lasifika ta mayar da wannan kaɗawar sauti. Ka ƙara saurin, muryar ta yi sama. Ka rage, ta yi ƙasa. Shi ne amon siririn da Anti ta ji. Shi kuma luguden, naɗowa ya yi, ya yanka gutsure, ya sa yana maimaita kansa. Mu ma da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da fiyanon Yamaha muke aiki, bambancin kawai mu muna yi ne don mawaƙi ya hau kai.

Tsohon Malami, Gwandu:
Ɗana, amo na ce, ban ce sauti ba, kuma da gangan. Sauti ma aro ne daga Larabci. Saƙar amo ta ishe ku.

Mai Fassara, Kano:
Allah gafarta Malam, in za a bi ta wannan hanya harshen zai rame. Lantarki daga Turanci take. Na'ura daga Larabci take, asalinta keken ɗebo ruwa daga kogi. Algaita ma Larabci ce, kuma ba wanda ya taɓa cewa a kore ta daga ƙofar fada. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin aro da mutane suka riga suka mallake tun wancan lokaci. Aikin mai fassara shi ne ya yi amfani da abin da kafafen yaɗa labarai suka daidaita a kai, don wanda ke Zariya da wanda ke Zuru su fahimci abu ɗaya. Kiɗan laturoni shi ne daidai.

Bazamfare, Maradun:
Wa ad daidaita shi? Ku Kanawa kullum haka kuka yi, ku zamna ku yanke, ku ce ga daidaitacciya. Tun ɗazu nika kallo kowa na rubuta kiɗa, kiɗa. Mu nan kiɗi muka cewa, kuma can Kabi ma kiɗi na. Shirin ga a Birnin Kebbi za a yi shi, ba a Kano ba. In maganar kiɗi ta, ƙasag ga ta san shi. Nan Maradun Ɗanƙwairo ya zamna da kotsonai, Sa'idu Faru namu na, Ɗandawo ya yi taushi a Argungu. Sai a zo a koya muna yadda aka kiran abin?

Mai Fassara, Kano:
Ba wanda ya raina Zamfara, ɗan'uwa. Duk wanda ya karanta adabin baka ya san yawancin manyan makaɗan fada daga yamma suke. Ƙa'idar rubutu nake magana, kuma ba ni na kafa ta ba.

Bazamfare, Maradun:
Rediyo ba rubutu ba na. Baki na da kunne. Ɗiyar Kabi, ki hwaɗi kiɗi yadda kakanki ka hwaɗi.

Tsohon Malami, Gwandu:
Da saƙar amo aka ɗauka, da wannan gardama ba ta taso ba, don babu kiɗa babu kiɗi a cikinta.

Ɗalibar Hausa, Talatar Mafara:
Baba, ni damuwata da ita ɗaya ce. In Yaya ta ce yau baƙonmu mai saƙar amo ne, dole ta tsaya ta yi minti biyu tana bayani, kuma wanda ya kunna rediyo a tsakiya zai zaci shirin sana'ar hannu ne. Sabuwar kalma tana bukatar lokaci, ita kuma gobe za ta miƙa.

Ɗan Kamba:
Ku yi haƙuri in shigo. Mu da ke bakin iyaka mun taso da rediyon Nijar a kunne, kuma irin wannan kiɗa ba baƙo ba ne gare mu. Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa na lantarki, wani irin fiyano, a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978, yawancinsa ba waƙa, yana ɗauko karin gargajiya yana zuba shi a na'ura. Shekara da shekaru ana sa shi tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin na Nijar. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta sani. Mahaifina in ya ji shi cewa yake yi kiɗan inji. Bai taɓa neman wata kalma ba, kuma kowa a gidan ya gane abin da yake nufi.

Ɗalibar Hausa, Talatar Mafara:
Na ji daɗin wannan. Kuma ko a tarihin abin gaba ɗaya Afirka na sahun farko. A 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya naɗi muryoyin mata a taron zar, wanda ya yi kama da borinmu, ya kai su gidan rediyo ya sarrafa su da na'ura har suka koma wani amo dabam. Shekara 4 ke nan kafin Pierre Schaeffer, Bafaranshen da ya shahara da irin wannan aiki, ya fara nasa a Faris a 1948. A Inugu ma mawaƙi William Onyeabor ya yi aiki da na'urorin haɗa kiɗa a sutudiyonsa tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Yaron Argungu da ya naɗi gora a Matan Fada yana da magabata. Shi ya sa nake so sunan ya zama wanda ba zai sa a ji kamar kayan aro ne ba.

Mai Fassara, Kano:
Inji zai kai hankali ga injin niƙa da na ban ruwa. In ba a son laturoni, to na'ura. Kiɗan na'ura. Bai kai laturoni daidaito ba, amma ba kuskure ba ne.

Tsohon Malami, Gwandu:
Na'ura ta fi, ko ba komai ta daɗe a bakinmu. Amma ban janye saƙar amo ba.

'Yar Kabi, Birnin Kebbi:
Na kira yaron bayan isha'i na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Abu ɗaya ya tsaya a kai, kuma ban zata ba. Ya ce don Allah kada in ce gwauron kiɗa. Ya ce gwauro jiran aure yake yi, gwauron kiɗa jiran mawaƙi yake yi, shi kuwa nasa ba ya jiran kowa. Sau uku mawaƙa suna neman ya sayar musu su ɗora waƙa, ya ƙi. Ya ce duk inda ya kunna sai an tambaye shi, to ina waƙar? Wannan tambaya ita ce ta fi gajiyar da shi.

Na kwana ina juya maganar. Mu kunnenmu ya saba kiɗa yana ɗauke da magana. Ko take aka kaɗa a kalangu ba mai buɗe baki, mai shi ya san an kira sunansa, jama'a sun san kalmomin da gangar ke faɗa. Shi wannan yaro kiɗansa ba ya kiran kowa, ba ya yabon kowa, ba kirari a ƙarƙashinsa. Yana so ka ji ruwan ne da turmin a matsayinsu. A ganina nan ne sabon abin yake, ya fi batun na'urar girma, kuma duk kalmar da za ta nuna kamar wani abu ya ɓace daga cikinsa ta zalunce shi.

Ɗan Sutudiyo, Gusau:
Yana da gaskiya Anti, ban taɓa kallon ta haka ba. Mu a sutudiyo za mu ci gaba da cewa gwauro, don namu jira yake yi da gaske. Nasa sai a ce zallar kiɗa, kamar zallar madara.

Bazamfare, Maradun:
Zallar kiɗi.

Mai Fassara, Kano:
Zalla ta yi. Har yanzu dai ba ku ba ta komai ba a madadin gwaji. Kun ƙi tawa, ba ku kawo wata ba.

Ɗalibar Hausa, Talatar Mafara:
Na gwada lalube, na gwada sabon salo. Lalube na makaho ne, sabon salo kuma kowane mai talla yana faɗa. Na rasa.

'Yar Kabi, Birnin Kebbi:
Lokaci ya ci ni, ga abin da na miƙa: "Baƙonmu na yau makaɗi ne mai zaman kansa daga Argungu. Zallar kiɗan na'ura yake yi, ba waƙa, yana saƙa amon gurmi da lugude da ruwan Matan Fada da wanda na'ura ta haifa, ta hanyar da ba a saba ji ba." A takarda na rubuta kiɗa don shugaban sashe. A baki kiɗi zai fito, haka na tashi ina faɗa. Kalmar gwajin na bar ta a buɗe, na zagaye ta da jimla, kuma zan roƙi masu saurare su aiko da tasu.

Mai Fassara, Kano:
Ya yi tsawo, kuma jimla ba kalma ba ce. Ranar da za a sa shi a kanun labari za a dawo nan. Amma na Asabar ya wadatar.

Tsohon Malami, Gwandu:
Kin ɗauki saƙar kin raba ta da amon, kin mayar da suna aikatau. Ban gamsu ba, 'yata, amma na ga zarena a ciki. Wace mita tashar taku take? Ina so in ji yaron da kunnena, kuma ki tambaye shi a gaban jama'a ko saƙar amo ta yi masa.