Muhawara: Shin Ernst Mach ya ja kimiyya baya ne?

Daga zauren malaman fiziks na jihar Kebbi

Malam Sanusi, Jega: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina Ernst Mach ya ɓata wa fiziks lokaci. Farfesa ne a birnin Firag (Prague) daga 1867 zuwa 1895, sannan ya koma Biyana (Vienna), ana jin maganarsa ƙwarai, amma ya kafe a kan cewa tunda ba a ganin atom, wato ƙwayar zarra, kimiyya ba ta da hurumin cewa akwai shi. Masanin fiziks Boltzmann yana gina lissafin zafin iskar gas a kan atom, Mach kuma yana rushewa.

Malama Hadiza, Argungu: Wa alaikumus salam. Malam, ka yanke masa hukunci da hujjar da ba ta iso ba sai daga baya. Ƙa'idarsa ita ce kada a dogara da abin da babu hanyar auna shi, kuma da ita ya tunkari ra'ayin Newton a 1883. Newton ya ce a rataye guga cike da ruwa da igiyar da aka murɗe, a sake ta. Ruwan zai hau gefe ya bar rami a tsakiya, wai shaida ce yana juyawa cikin sarari tsayayye. Mach ya ce wa ya taɓa auna wannan sararin? Iyakar abin da gwajin ya nuna, ruwan yana juyawa ne in an kwatanta shi da ƙasa da taurari. Einstein ya amfana da wannan sukar sosai, har a 1918 ya sa wa wata ƙa'ida sunan Mach.

Dakta Bello, Aliero: A ƙara da cewa gwanin gwaji ne. A 1887 shi da Peter Salcher suka fitar da hoton harsashi yana gudu fiye da sauti, da walƙiyar tartsatsin lantarki, har ana ganin iskar da ta matsu a gabansa. Lambar Mach kuwa gudun abu ne a raba da gudun sauti a wurin. Ɗalibai kan haddace cewa gudun sauti mita 343 ne a daƙiƙa, su manta na digiri 20 ne. Kowane digiri yana ƙara kusan mita 0.6, don haka a zafin Afrilu na Birnin Kebbi, digiri 40, ya kai wajen 355.

Malam Sanusi: Ranka ya daɗe, ban musa gwanintarsa ba. Einstein ya ba da lissafin rawar ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa a 1905, rawar da ke nuna akwai atom, Jean Perrin ya auna ta daga 1908. Masanin kemistri Ostwald, wanda shi ma yake adawa da atom, ya sallama. Mach fa? A 1910, da yake mayar wa masanin fiziks Planck martani, yana nan kan bakansa.

Malama Hadiza: Nan kam na ba ka gaskiya, ya makara. Amma dubi abin da ya kashe gardamar: awo, wato abin da ya yi ta nema tun farko.

Malam Umaru, Yauri: Kuma ana iya nuna wa 'yan aji uku wannan rawar ƙwayoyin. A ɗiga madarar shanu sabuwa ɗigo ɗaya a rabin kofin ruwa, ban da nono, don ya riga ya dunƙule. A sa ɗigo a gilashi, a rufe, a toshe gefuna da basilin, a duba da madubin da ke ƙara girma sau 400. Ƙwayoyin maiƙo za su riƙa karkarwa, kowace da nata gefen. In duk suka nufi waje guda, ruwan ne ke kwarara, ko don zafin fitila ko don gefen bai toshu ba. Perrin yana alamta wurin ƙwaya duk daƙiƙa 30. In lokaci ya ninka huɗu, matsakaicin nisan da ta yi sau biyu kawai yake ninkawa. Daga nan ya fitar da lambar Avogadro, wadda ake ƙirga yawan atom a cikin abu da ita.

Malam Sanusi: To, Malama, da kowa ya bi Mach ya ajiye atom sai an gan shi, wa zai rubuta lissafin da Perrin ya je ya auna? Wannan nake son a amsa mini.