Musayar Waƙa Kan Hank Williams

Malam Ɗanjuma:
Salamu alaikum jama'a. Yau Amurka muka nufa, wajen Hank Williams, mawaƙin kantiri, wato kiɗan mutanen karkara, na gidajen rawa da ake kira honki-tonk. Amsa-amonmu "ya" ne, wanda ya karya shi zai sayi goro. Bismillah.

A 1923 aka haife shi,
Can Alabama, cikin rashi da wuya.
Uba na kwance asibitin tsofaffin soja,
Uwa Lillie ke fafutukar ɗora tukunya.
A rediyon Montgomery aka fara jin sa,
Bai cika sha biyar ba, sai zaƙin murya.

Ƴar Auta:
Malam, a gafarce ni, ka yi tsallake,
Ka bar malaminsa can a baya.
Rufus Payne, baƙar fata, ana ce masa Tee-Tot,
A bakin titi yake kaɗa tsirkiya.
Shi ya ɗora yatsun yaron kan jita,
Ladansa ɗan canji ko abin taɓawa da miya.
A 1939 ya bar duniya shiru,
Kabarinsa ba a sa masa alama ko ɗaya.

Malam Ɗanjuma:
Na karɓi gyara, ƙanwata. Wannan kam ni zan sayi goron.

Garba Direba:
A 1944 Hank ya auri Audrey,
Ita ta matsa masa su kama hanya.
A Nashville suka sami Fred Rose, mai kamfanin waƙoƙi,
Ya ji waƙoƙin, ya ce wannan yaro ya iya.
1949 waƙarsa "Lovesick Blues" ta tashi gari,
Dandalin Grand Ole Opry ya cika da shewa da hayaniya.
To ina amfanin baɗi ba rai?
Mutum ya sami suna, ya miƙa wuyansa ga giya.
A yi masa shela, jama'a su taru,
Shi yana can kwance, ba ya ko iya tsaya.
Watan Agustan 1952 Opry ta kore shi,
Laifin wa, in ana son gaskiya?

Inna Ladi:
Garba ɗana, sassauta harshe kaɗan,
Ba na wanke mashayi, ni ma ina jin kunya.
Amma da lahani aka haife shi,
Tun yana goye yake fama da ƙashin baya.
A 1951 likitoci suka yi masa aiki,
Ciwon bai tafi ba, sai ƙarin allura da ƙwaya.
Aure ya mutu a shekarar da aka kore shi,
Kafin ta ƙare ya ɗaura da Billie Jean, sabuwar amarya.
Saurari "Cold, Cold Heart" da dare,
Ka ji yadda ciwo ke magana daga zuciya.

Ƴar Auta:
Inna, har waƙoƙin wa'azi ya yi fa, da sunan Luke the Drifter, don kada masu gidajen rawa su saya su ga ba ta rawa ba ce.

Garba Direba:
Na ji, Inna, na rage zafi.
Bari in ƙarasa da daren tafiya.
Wasa ke jiransa a Canton ta Ohayo,
Ƙanƙara ta zuba, ta ɓata hanya.
Ɗalibi aka ɗauka ya ja Cadillac,
Hank na kwance a kujerar baya.
Ranar 1 ga Janairun 1953, a Oak Hill,
Yaron ya tsaya, ya leƙa, ya juya,
Ya taɓa hannu ya ji shi sandare.
Shekara 29 kacal ya yi a duniya.
Ni da na san tuƙin dare, yaron nake tausayi,
Yana ta lallaɓa mota kada maigida ya farka kafin safiya.