Neman shawara: Abbansu na son a canza wa yaronmu makaranta don ya zo na 14

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Don Allah a saka mani wannan a zaure, a sakaya sunana.

Ina zaune a cikin garin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Yarona na fari, Abba muke ce mashi don sunan kakansa ya ci, shekararsa 7, yana aji uku na firamare a wata makarantar kuɗi da ke bayan layinmu. Tun yana ɗan shekara biyu aka sa shi, shi ya sa ya riga sa'o'insa. Da aka ba da sakamakon zangon da ya wuce ya zo na 14 cikin yara 31. Ɗan wan maigidana, wanda shi ma yake aji uku a wata babbar makaranta can wajen GRA, ya zo na ɗaya, aka saka hotonsa da kyautarsa a guruf ɗin dangi. Tun daga ranar gidanmu ba daɗi.

Abbansu ya ce za a mayar da yaron waccan makarantar, alhali kuɗinta ya kusa ninka na wannan sau uku, ban da kuɗin Napep kullum. Ya ɗauko mashi malamin lesin bayan magariba. Ya kuma ce daga aji huɗu zai sa shi ya zana jarrabawar shiga sakandare, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu yaron boko da safe, Islamiyya bayan la'asar, lesin da dare, Asabar da Lahadi hadda. Sai ya wuce goma bai kwanta ba saboda aikin gida. Abin da ya tayar mani da hankali, kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, kuma ya koma fitsarin kwance wanda ya daɗe da bari. Ga Hajiya ita ma ta ce a sa ƙanwarsa makaranta, ita ko shekara uku ba ta cika ba.

Maigidana ba mugu ba ne, yana son yaransa, shi da kansa bai samu ya yi nisa a boko ba kuma abin na ci mashi rai. Amma ina jin tsoro. Ya ake gane makaranta mai kyau? Kuma ta ina zan ɓullo mashi?

Malama Babba: Wa alaikumus salam ɗiyata. Na koyar a firamare har na yi ritaya, don haka ki saurare ni da kyau. A tsarin ilimi na ƙasa, shekara 6 ce shekarar shiga aji ɗaya. Kin ga ke nan ɗan shekara 7 a aji biyu ya kamata a same shi. Yaronki yana zaune da waɗanda suka girme shi, kuma a wannan matakin tazarar shekara guda ba ƙaramin abu ba ce, ko a riƙon fensir ana ganinta. Duk da haka ya wuce fiye da rabin aji. Ina laifinsa?

Shi na ɗaya da na 14 ɗin nan ba ya faɗa maki abin da yaro ya sani. Yana faɗa maki inda ya tsaya ne tsakanin 'yan ajinsu a makon jarrabawa kawai. Na sha ganin wanda ya zo na ɗaya saboda an ba su tambayoyin sun haddace, ka miƙa mashi littafin da bai taɓa gani ba ya kasa haɗa baƙi. Ki gwada shi da kanki, cikin wasa, ba da tsawa ba. Ki ba shi wani ɗan labari da bai sani ba, na Hausa da na Turanci, ya karanta ya faɗa maki abin da ya gane. Ki aike shi shago da ɗari biyar ki ga ko ya san canjin da zai karɓo. In ya iya waɗannan, makarantarsa na aiki.

In kuma dole sai an canza, kada ku je ranar da suka gayyace ku. Ku je ranar Talata da hantsi ba tare da sanarwa ba. Fenti da motar makaranta ba su ke koyar da yaro ba. Ki leƙa aji ki ƙirga yaran. Ki karɓi littafin rubutun yaro guda, ba wanda malama ta zaɓo maki ba, ki duba ko ana gyara mashi kuskure ko maki kawai ake zabgawa. Ki tambayi malamar ajin shekara nawa ta yi a wurin, don makarantar da malamai ke guduwa duk zango saboda albashi ba za ta riƙe maki yaro ba. Ki tambaya ko suna da NCE, don ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Ki shiga banɗaki, ki ga akwai ruwa. Sannan ki tsaya ki dubi yaran lokacin tara: suna wasa, ko suna rakuɓewa in sun hango malami?

Maman Yusra: Ni dai 'yar'uwa kada ki yi saurin ganin baiken mijinki. Gaskiya makaranta suna ta tara. Nawa na cire su daga ta unguwa na kai su mai tsada, kuma na ga bambanci a karatunsu, musamman lissafi. Zamanin nan in yaro bai samu tushe ba wahala zai sha gaba. Abin da zan ce ku duba shi ne aljihu. Ba zangon farko ba ne matsala, na shida da na bakwai ne, ga ƙanwarsa na tafe. Yaron da ake korowa gida kan kuɗin makaranta a gaban 'yan ajinsu, wannan kunyar ta fi zuwa na 14 ciwo.

Baban Sadik: Hajiya, ni kan batun tsallaken aji zan yi magana, don a sakandare nake koyarwa, mu ake turo wa yaran. Ki zauna da maigida ku yi lissafi. In Abba ya bar firamare daga aji huɗu, zai shiga JSS 1 yana ɗan shekara 9, ya gama SS 3 yana 14. JAMB kuwa shekara 16 ta sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. A 2024 ma har an yi maganar mayar da ita 18 kafin a dawo kan 16. To ina amfanin saurin? Zaman gida na shekara biyu zai yi, a daidai shekarun da zaman banza ya fi illa ga yaro namiji. In kuwa aka bar shi ya yi aji shida, zai gama sakandare yana 16 cif, ba abin da ya rasa.

Aji biyar da shida ba ado ba ne. A nan ake nuna ƙananan lissafi irin su kaso da ɗigo, a nan rubutu ke zama. Waɗanda suka tsallake su muna ganinsu a JSS, ba don ba su da kai ba, sai don an gina masu sama ba ƙasa. In burin maigida makarantar gwamnatin tarayya ce irin ta Daura, jarrabawar da NECO ke shiryawa ai ta 'yan aji shida ce tun asali.

Anti Nas: Ni ciwon cikin da fitsarin kwancen ne suka tsaya mani a rai. Yaron da ya daina ya kuma dawo, ba a yi mashi faɗa, balle duka ko gori a gaban ƙannensa. Ki kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, a duba cikin, a kuma duba idonsa da kunnensa, don akwai yaran da ba sa ganin allo sosai kuma ba su san su faɗa ba. In duk lafiya, to damuwa ce. Ki lura: yana ciwon cikin ranar da ba makaranta? Ki tambaye shi a hankali, kuna kwance ku biyu, ko akwai mai dukansa ko tsokanarsa. Sannan ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwanta bayan goma ya tashi da asuba bai samu ba, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ba ta riƙe karatu. Lesin daren nan shi ne abu na farko da zan cire.

Hajiya Inna: Ɗiyata, sauri ya haifi nawa. Salla ma da take ginshiƙin addini, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a fara umartar yara da ita suna da shekara bakwai. Amma kada ki je mashi da "a zaure an ce", zai ga kin kai ƙararsa waje. Kada kuma ki ambaci ɗan wansa ko kaɗan, nan ne inda ke mashi zafi. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki fara da lafiyar yaron, ki roƙe shi ya kai ku asibitin da kansa. Abin da ya ji daga bakin likita ya fi shigarsa. Lissafin shekarun nan na Baban Sadik ki rubuta a takarda ki ajiye mashi, ki ce ya duba maki ko kin yi daidai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a. Anti Nas, da na tuna, ranar Asabar da Lahadi bai taɓa cewa cikinsa na ciwo ba. Gobe in Allah ya kai mu zan yi wa Abbansu maganar asibitin. Malama, ita ƙanwar tasa fa? Hajiya ta matsa, kuma ba na son in yi mata musu.

Malama Babba: Ki ce wa Hajiya kin ji, za a sa ta in sabuwar shekarar karatu ta kama, kin ga ba musu a ciki kuma yarinya ta ƙara watanni. Kafin nan ki tabbatar tana iya faɗin za ta yi fitsari, tana iya ba ki labarin abin da aka yi mata. In lokacin ya yi ki nemi ta kusa da gida wadda ake tashi da sha biyu, kuma ki tambaye su ko suna ba 'yan shekara uku aikin gida. In sun ce suna bayarwa, ki duba wata.