Masu cafka a ƙananan lig na Dodgers: arziki ne ko jerin sunaye?

Ɗan Fagge: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, a duk besbol ɗin Amurka babu ƙungiyar da ta kai Dodgers iya renon masu cafkar ƙwallo, wato masu tsugunawa bayan mai duka suna karɓar jifa, a ƙananan lig ɗinta inda ake horar da matasa. Ku ƙirga mana: Will Smith, Connor Wong, Keibert Ruiz, Diego Cartaya, Thayron Liranzo, Dalton Rushing, duk gida ɗaya suka taso. Wasu ƙungiyoyin ko ɗaya na kirki sun kasa samu.

Kawu Dogo: Yaro ka iya jera suna kam. To cikin shidan nan nawa aka gama kakar 2025 da su a Los Angeles? Biyu, Smith da Rushing. Sauran an sayar ko an sallama.

Ɗan Fagge: Kawu ai sayarwar ita ce ribar! Wong yana cikin waɗanda aka ba Boston a 2020 aka karɓo Mookie Betts, shekarar kuma aka ci kofi. Ruiz da Josiah Gray suka tafi Washington a 2021, Scherzer da Trea Turner suka zo. Liranzo ya tafi Detroit a Yulin 2024 aka kawo Jack Flaherty, shi ya fara jifa a wasan farko na World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, da Yankees. In wannan ba arziki ba ne to mene ne shi don Allah

Na Bronx: Malam kar ka tuna min 2024 ɗin nan da kuka doke Yankees ɗinmu, har yau ban huce ba. Amma ka tsallake Cartaya da sauri kamar ba kai ka ambace shi ba, tsaya mu yi maganarsa

Ɗan Fagge: Ai ɗaya ne cikin shida

Na Bronx: Shi ne ma wanda aka fi zuzutawa ai. Yaro ɗan Benezuwela, dala miliyan 2.5 suka ba shi a 2018, farkon 2023 shi ne kan gaba a jerin matasan Dodgers, kowa cewa yake shi zai gaji Smith, a matakin A yana ta dukan ƙwallo tana fita fili, sai aka kai shi Tulsa, Double-A, matakin da ke sama da A, inda masu jifa suka iya lanƙwasa ƙwallo su kuma san inda rauninka yake, nan ya buga .189 a kakar, wato bai kai duka biyu masu kyau cikin goma ba, duk da dai ya yi homron 19, irin dukan nan da ƙwallo ke fita fili. Janairun 2025 aka cire shi daga jerin mutum 40 na babbar ƙungiyar don a sama wa Hyeseong Kim gurbi, daga nan sai Minnesota. Shi ya sa ni duk mai cafkar da bai taka Double-A ba, ba na sa shi a lissafi ko kaɗan.

Hajiya Ƙarama: Sallama dai 'yan'uwa. Ni abin da ke ban mamaki kowa duka yake ta magana, babu mai maganar tsugunon. Mai cafka fa aikinsa na farko ba sanda ba ne. Ƙwallon da ta daki ƙasa ya tare ta da ƙirji, ya san abin da kowane mai jifa ke so, in wani ya ruga satar tasha ta biyu ya jefa ƙwallo can cikin kamar daƙiƙa biyu a fitar da shi. Tun da aka ƙara girman tashoshi a 2023 aka kuma taƙaita yawan waiwayen mai jifa don kama mai shirin sata, sata ta ƙaru sosai, hannun mai cafka ya ƙara daraja. Waɗannan ba a ganinsu a lambobin da kuke kawowa.

Kawu Dogo: Allah ya yi miki albarka 'yata, kin taɓo wurin. Ku dubi Satumban 2025 kawai. Ƙwallo ta fasa wa Smith ƙashin hannu, Rushing shi ma ya ji ciwo a ƙafa a 'yan kwanakin, to wa ya tsuguna? Ben Rortvedt, mutumin da aka samo daga Tampa Bay a ƙarshen Yuli, ba renon gidan ba ne sam, shi ya riƙe su har wasannin Cincinnati na farkon zagayen kofi. Rumbun da ake ta yabo ranar da yunwa ta zo sai da hatsin maƙwabci aka yi tuwo.

Ɗan Fagge: Haba Kawu ranka ya daɗe, da me aka samo Rortvedt ɗin? Hunter Feduccia aka bayar a cinikin, shi ma mai cafka ne renon Dodgers da ya daɗe a Oklahoma City, matakin ƙarshe kafin babbar ƙungiya. Ka ga dai maganata ce ta dawo

Na Bronx: Hhhh wallahi nan ya kama ka Kawu

Kawu Dogo: Bai kama ni ba. Abu biyu kuke haɗawa. Akwai yaron da kake renonsa don ka yi ciniki da shi, akwai wanda in aka tashe shi gobe da asuba zai sa sulke ya karɓi jifan Yamamoto, gwanin jifan Dodgers, ba tare da an yi asara ba. Na farkon na yarda Dodgers sun iya. Na biyun shi nake ce muku bai kai yadda ake faɗa ba.

Hajiya Ƙarama: Kuma ku tuna Smith ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 kan dala miliyan 140 a Maris 2024, Shohei Ohtani kuma ya riƙe gurbin mai dukan da ba ya tsaron fili, to yaro ko ya kai wa zai ture? Shi ya sa a 2024 aka riƙa gwada Rushing a gefen hagu na fili. Da aka hau da shi a Mayun 2025 Austin Barnes aka sallama, shi kuma ya koma zaman benci yana samun wasa jefi-jefi, mai shekara 24 da ya kamata a ce kullum yana fili. Ni a ganina an tauye shi.

Ɗan Fagge: Hajiya to a cire Smith ne? Mutumin da ya tsuguna zagaye 18 a wasa na uku na World Series ɗin 2025 da Toronto, ya zo wasa na bakwai ya buga homron a zagaye na 11 aka ɗau kofi? Zaɓen 2016 suka ɗauko shi daga jami'ar Louisville, can ɗin dai da suka ɗauko Rushing a 2022

Hajiya Ƙarama: Wa ya ce a cire shi Malam? Cewa na yi in ba za a ba Rushing wasa ba gara a sayar da shi tun yana da kuɗi, kar a jira ya zama Cartaya na biyu.

Na Bronx: In za su sayar su turo mana shi, ko da yake mu ma muna da Austin Wells

Kawu Dogo: Ku ci gaba, an kira sallah. In na dawo Ɗan Fagge ka kawo min sunan mutum ɗaya a Oklahoma City ko Tulsa da za ka yarda ya tsuguna wata guda cur in Smith ya sake jin ciwo, ɗaya tak nake so.