Wace na'urar karanta lambobin matsala ta dace da a-kori-kura?

Direban Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux ta 2012 mai shan fetur, wadda nake jigilar albasa da tumatir da ita daga kasuwar Mile 12 da ke Legas zuwa Ikorodu da Agege. Wata biyu ke nan fitilar gargaɗin inji tana kamawa, kuma sau uku ina kai motar wurin wani makanike, yana sa mata kwamfuta, ya goge fitilar, in biya shi, bayan kwana huɗu ko biyar ta dawo. An sauya fulogi gaba ɗaya ba a ga canji ba. A zuwan ƙarshe na leƙa allon na'urarsa na ga P0171, na rubuta a bayan rasit. Ina so in mallaki na'urar kaina domin in riƙa sanin abin da ke damun motar kafin in je gareji. Wace iri ta kamata in saya, kuma me wannan lamba take nufi?

Makanikin Agege:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da lambar, domin ita ce ta fi gaggawa. P0171 tana nufin ƙwaƙwalwar motar ta lura iska ta yi wa fetur yawa a cikin injin, har ta yi ta ƙara mai don ta daidaita amma ta kai iyakarta. Fulogi ba shi ne abin tuhuma na farko a nan ba. Abin da muka fi samu shi ne sansar da ke auna iska, wadda ke bayan matatar iska, ta yi ƙura, ko wani tiyon iska ya tsage yana shigar da iskar da ba a auna ba, ko kuma famfon mai ya yi rauni. Lambar tana nuna ɓangaren da za a bincika ne kawai, ba ta faɗin kayan da za a saya, kuma a nan ne masu mota da yawa suke asarar kuɗi.

Game da na'ura, ramin da ake jona ta yana ƙarƙashin sitiyari, yana da ƙofofi 16, kuma tsarin ana kiransa OBD-II. Amurka ta wajabta shi ga ƙananan motoci tun 1996, shi ya sa a-kori-kurar Toyota irin su Tacoma da Tundra 'yan tokumbo suke amsa kusan kowace na'ura. Hilux kuwa ba don kasuwar Amurka aka ƙera ta ba, saboda haka za ka iya ganin ramin daidai amma ƙaramar na'ura ta kasa magana da motar, musamman tsofaffi da masu shan dizal. Idan za ka saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo ko a Computer Village da ke Ikeja, ka tafi da motar, a jona a gabanka, ka ga ta karanta kafin ka miƙa kuɗi.

Ka kuma duba harafin farko na lamba: P ta inji da giya ce, C ta birki da ƙafafu, B ta jikin mota kamar jakar iska, U kuma ta sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Na'urori masu araha galibi P ta inji kaɗai suke gani. A garin nan da damina ke cika titi da ruwa, sansar ABS (tsarin da ke hana ƙafa kullewa idan an taka birki) da ke jikin ƙafa tana yawan lalacewa, don haka ni ina ba ka shawarar ɗaukar na'urar kamfanin Autel ko Launch ko Foxwell wadda aka rubuta ƙarara tana karanta ABS da jakar iska na Toyota.

Mai Tacoma, Idi-Araba:
Ina goyon bayan Malam makanike, sai dai ba kowa ne yake buƙatar babbar na'ura da farko ba. Ni ƙaramar nan ta ELM327 nake amfani da ita, wadda ake haɗawa da waya ta Bluetooth, tare da manhajar Torque ko Car Scanner. Jabunta ya yi yawa a kasuwa, ta farko da na saya ma ba ta taɓa haɗuwa da motata ba. Amfaninta babba shi ne tana nuna yadda injin yake aiki a lokacin da yake kunne. Ka duba adadin gyaran mai na dogon lokaci, wato yawan man da ƙwaƙwalwar motar ke ƙarawa ko ragewa: idan ya haura kashi 10 cikin ɗari a tsaye, amma ya sauka da ka taka totur, to ka nemi inda iska ke shiga, idan kuwa ya ƙara hawa lokacin da motar ke jan kaya, ka tuhumi famfo ko sansar iska.

Kada ka goge lamba kafin ka ɗauki hotonta tare da bayanan da motar ta adana na lokacin da matsalar ta faru, domin gogewa tana share su duka. Haka kuma ka riƙa cire na'urar idan ka ajiye mota, tun da ramin yana da wutar batir ko an zare makulli. Idan kuma fitilar ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya a kunne, ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa, injin yana tsallake wuta ne sosai kuma hakan yana ƙona matatar hayaƙi ta cikin salansa.

Direban Mile 12:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da safen nan na buɗe bonet na bi tiyon da ya taso daga matatar iska da hannu, na tarar da tsaga a ƙarƙashinsa daidai inda yake lanƙwashewa, har ɗan yatsana yana shiga. Ranar Asabar in sha Allahu zan shiga Ladipo in sayi tiyon, in kuma gwada na'urar a kan motar. Malam makanike, bayan an sauya tiyon, in goge lambar da kaina ne, ko in bar fitilar ta mutu da kanta?